Ranar Da Hajiya Ta Wanke Iyalan Bairos

Assalamu alaikum, Yaya. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya ke da maigidan da yara. Allah ya ƙara miki sauƙin ciwon gwiwar nan. Mu nan lafiya lau, Hajiyarmu ma garau take, har ta fi mu ƙarfi, kamar yadda za ki ji.

Kin san 'yarki Auta ta faɗi jarrabawar ƙwayoyin cutar da ake kira bairos a makarantar jinya, aka ce in ta sake faɗuwa sai gida. Malaminsu ya ce kowa ya ƙero siffar ƙwayoyin ya zo ya yi bayani. Ta kwashe ƙwallayen robar yara ta tsaga, ta cusa zare a ciki, wai shi ne umarnin da ƙwayar ke kwafar kanta da shi, robar kuma ƙoƙon da ke kare shi. Na mura da korona da ƙyanda ta lafta musu man shafawata, wai rigar kitse ce, ta kafa musu tsinken ashana, wai ƙayoyinsu ne. Na shan inna da na gudawar yara ta bar su tsirara. Ta jera su gida-gida a babban tiren Hajiya, ta ishe mu da wane ɗan'uwan wane ne, sai ka ce mu za mu aure su.

Da safiyar jarrabawa Hajiya ta ga tirenta ya yi maiƙo. Ba ta tambayi kowa ba ta juye komai cikin bahon ruwan sabulu. Auta ta fito ta tarar ashana na yawo a kan kumfa, ta fasa kuka. Hajiya kuwa ta ce ita a gidanta ba a ajiye cuta a tiren baƙi.

Haka Auta ta tafi makaranta da bahon a ka. Ta gaya wa malamin cewa sabulu ya tuɓe wa masu rigar kitse rigarsu da ƙayoyinsu, ba su da abin kama mutum kuma, tsirarun kuwa ko a jikinsu. Ya yi ta dariya, ya ba ta maki mafi yawa a ajin.

Yanzu Hajiya cewa take ita ta ci jarrabawar, a kira ta Likita. Ki gaida maigidan, da Babba da Ƙarami. In za ki aiko saƙo, ki haɗo mini da man shafawa.

Taki har kullum,
Maman Auta