Ya Kwashi Allurata Ya Kai Wa Baffansa A Benin

Assalamu alaikum Gwaggo Barira. Don Allah ki taimake ni da shawara kafin in yi abin da zan yi da-na-sani, ko da yake ina jin na riga na fara yin sa. Ki yi haƙuri da tsawon saƙon nan, zuciyata ce ta cika. Ban kuma ɓoye sunan kowa ba, in sun karanta su karanta.

Ni mace ce mai shekara arba'in da ɗaya, a Bagudo nake aure, kitso ne sana'ata tun ina budurwa. Shekara biyar da suka wuce ciwo ya kama mini gaɓɓai. Ya fara da yatsu, ya bi wuyan hannu, ya sauka gwiwa. In na tashi da safe sai hantsi ya ɗaga kafin in iya buɗe tafin hannuna. Har ta kai sai an ɗaura mini zani, salla kuwa a kan kujera. Babu abin da ba a faɗa ba: wasu su ce sanyi ne, wasu su ce gamo na yi, wasu su ce wata ce ta jefe ni don ta ƙwace mini masu kitso. Na sha jiƙe-jiƙe har harshena ya daina sanin ɗaci, an yi mini ƙaho, an yi mini tsaga, duk a banza. Sai da ƙanena Zulkiflu, wanda ke aiki a Sakkwato, ya zo da faɗa ya ɗauke ni zuwa asibiti can. Aka ce amosanin gaɓɓai ne, irin wanda garkuwar jikin mutum ke juyowa tana cin gaɓɓansa. Na yi fiye da shekara ina haɗiyar ƙwayoyi, sauƙin kaɗan ne. Daga baya likita ya ɗora ni a kan wata allura mai kama da ƙaton biro, wadda nake yi wa kaina a cinya duk sati biyu.

Gwaggo, ba ki san abin da allurar nan ta yi mini ba. Tana da zafi kamar harbin rina, wurin ya yi ja ya yi ƙaiƙayi, washegari in wuni da kasala. Amma bayan ta uku na dunƙule hannuna da kaina, bayan ta biyar na yi sujada goshina a ƙasa, na daɗe ina kuka a wurin. Na koma kitso, duk da ba kamar da ba. Zulkiflu ke sayen ta, shi ya san irin wahalar da yake sha kafin ya same ta, guda huɗu yake kawowa duk wata biyu a cikin kula mai ƙanƙara. Ba ta son zafi ko kaɗan, wutar garinmu kuma kin san halinta, don haka nake ajiyewa a firijin sola na shagon Bunyaminu, ƙanen maigidana.

A farkon watan jiya muka je suna a Tsamiya, bakin iyaka. Baffan maigidana, Baffa Gidaɗo, ya ƙetaro daga rugarsu ta cikin Benin. Rabonsa da ni tun ina kwance ana juya ni, sai ga ni ina yawo da ƙwaryar fura a hannu. Tsohon ya yi ta kallona yana salati. Ashe da muka juya baya ya kira maigidana ya ce shi ma gwiwoyinsa sun hana shi bin shanu, a sam masa irin abin da ya tashe ni.

Ban san komai ba. Na yi allura ta farko cikin huɗun da aka kawo, bayan sati biyu na je ɗaukar ta biyu, sai na tarar da guda ɗaya tak a cikin kwalin. Bunyaminu ya sunkuyar da kai ya ce yayansa ne ya zo ya ɗauki biyu, shi kuma ba zai iya hana shi ba. Ashe mutumin nan a aljihun riga ya zuba su, ya hau babur da tsakar rana ya tsallaka da su. Ya tsira wa tsohon ɗaya da hannunsa, ɗayar kuma ya bar ta cikin jakar fata rataye a bukka, wai sai ya koma ranar Juma'ar nan mai zuwa ya ƙarasa masa.

Da na tare maigidan nawa, ko kunya bai ji ba. Wai ai na warke, allura ta gama aikinta. Wai shi tun yana yaro yake yi wa shanu allura, kwalba ɗaya takan zagaye garke har maƙwabci ya ara, bai taɓa jin maganin da aka rubuta wa sunan mutum ɗaya ba. Wai Baffa ne ya riƙe shi yana maraya, shi ya ba shi karsanarsa ta farko, da wane baki zai ce masa babu. To ni saniya ce? Shi mai zumunci, da ƙafafuna ya je ya yi zumuncin. Bakin da ya kasa ce wa Baffa babu, shi ne ya iya buɗewa ya ce mini ina da rowa, wai matan gari ba su san kara ba.

Na yi wadda ta rage, lokacin ta gaba ya zo ya wuce babu, yau kwana tara. Ciwon ya dawo kamar yana jirana a bakin ƙofa. Shekaranjiya na fara wa wata amarya kitso, na kai rabi yatsuna suka ƙi, na sallame ta da rabin kai a tsefe, sai maƙwabciyata ta ƙarasa mata. Na kasa gaya wa Zulkiflu, don na san in ya ji zai zo ya yi wa maigidana wankin babban bargo a gaban jama'a, dama ba sa ga-maciji. Likita ma ban gaya masa ba. Ba na yi wa maigidana magana, abincinsa a bakin ƙofa nake ajiyewa, kuma na fara haɗa kayana.

Ga abin da ya sa na rubuto, kuma ban taɓa faɗa wa kowa ba. Kafin a fara mini allurar nan sai da aka ɗauki hoton ƙirjina aka gwada jinina. Likita ya ce tana rage ƙarfin garkuwar jiki, in mutum na da tarin fuka ko da a kwance yake a jikinsa, tana iya tayar da shi ya yi muni. Baffa Gidaɗo kuwa tun damina yake tari, ranar sunan na ji shi da kunnena, ga rama duk ya zube. Maigidana bai san wannan ba, don ranar da likita ke bayani yana waje yana waya a kan shanu. Ni na sani, na kuma yi shiru. Na ce a raina bari ya ƙarasa masa ta biyun, in wani abu ya faru ya san cewa maganin mutane ba na dabbobi ba ne. Wani lokaci in ji tsoron Allah, wani lokaci in dubi hannuna in ji ko a jikina. Ki gaya mini gaskiya, in nemi takardata ko in zauna? Kuma dole ne ni da aka zalunta in zama mai ceton wanda ya shanye mini magani?

Taku, Mai Kitson Da Aka Karya Wa Hannu, Bagudo.

Wa'alaikumus salam 'yar'uwa. Na canza sunayen da kika rubuto, don fushi yakan huce amma abin da aka buga a jarida ba ya gogewa. Tun ranar da saƙonki ya iso na kira lambarki sau uku ba ki ɗauka ba, na kuma tura miki saƙo, domin maganar nan ba ta jiran ranar fitowar shafi.

Tambayarki ta ƙarshe zan fara amsawa. E, dole ne. Ki buɗe baki yau ki gaya wa mijinki abin da likita ya faɗa, kada ya kuskura ya yi wa tsohon nan allura ta biyu. In ba ki iya kallon fuskarsa, ki gaya wa Bunyaminu ya kai masa. Shirun da kika yi bai yi mini daɗi ba ko kaɗan, kuma ba zan shafa miki mai a baki ba. Mijinki ya yi ɓarnarsa cikin jahilci, ke kuwa da saninki kike zaune. Baffa bai sace miki komai ba. Tsoho ne da gwiwa ke ciwo, ya ga wadda ta warke ya roƙa, kamar yadda ke ma kika sha duk abin da aka miƙo miki lokacin da kike kwance. Da ransa kike son koya wa mijinki hankali, in kuma ya tafi ba ya dawowa don kin huce.

Ni ba likita ba ce, amma na tambayi likitan gaɓɓai kafin in rubuta wannan. Ya ce a kai Baffa asibiti cikin gaggawa, ko nan ko can Benin, wanda ya fi kusa, a gwada kakinsa a ɗauki hoton ƙirji, a tafi da kwalin allurar a faɗi ranar da aka yi masa ba tare da ɓoye-ɓoye ba. Tarin da ya kai watanni da rama abin dubawa ne ko da ba a taɓa yi masa allura ba. Wadda ke rataye a jaka kuwa, ya ce ta sha zafin da ba za a amince da ita ba. Kada a yi wa Baffa, ke ma kada ki karɓo ta ki yi wa kanki, a mayar wa asibiti su san yadda za su yi da ita.

Yanzu ke. An zalunce ki, babu wata kwana-kwana. Mutum ya ɗauki abin da ke tsayar da matarsa a kan ƙafafunta, bai tambaye ta ba, da ta yi magana ya kira ta marowaciya, wannan ba kara ba ce, rashin adalci ne. Kara da abin mutum ake yin ta, ba da lafiyar wani ba. Amma ki duba wani abu. Mijinki ya ɗauka kin warke, domin a saninsa allura ana yi ne a gama. Bai san wannan ciwo danne shi ake yi ba, da an saki ya taso. Wa ya zaunar da shi ya fahimtar da shi? Laifinsa ne da ya fita ya bar bayanin likita, amma watanni nawa kuka yi a gida ɗaya bayan nan?

Ki kira likitanki yau ki gaya masa kin tsallake lokaci, shi zai faɗa miki yadda za ki koma, kada ki tsara wa kanki. Ki gaya wa Zulkiflu da bakinki kafin ya ji a bakin wani. Zai yi faɗa, yana da hakkin ya yi, amma kowace ranar da kika ƙara kina rufa wa mijinki asiri gaɓɓanki ke biya, kuma abin da ciwon nan ya lanƙwasa ba ya miƙewa. In an kawo sabuwa, a sa ta cikin ƙaramin akwati mai kwaɗo a firijin, makulli a hannunki, don Bunyaminu ma ya huta da shiga tsakanin yayansa da ke. Zuwa asibiti na gaba kuma ƙafarki ƙafar mijinki, ya shiga ya zauna, wayarsa a kashe.

Maganar takarda ki ajiye ta tukuna, ba a yanke irin wannan da kumburarren hannu da tafasasshiyar zuciya. Ki jira ki ga abin da zai yi in ya ji gaskiya. In ya tashi hankalinsa a tashe ya kai Baffansa asibiti, ya dawo ya ba ki haƙuri, to jahilci ne, kuma yana da magani. In ya ji duk wannan ya ci gaba da ce miki marowaciya, ki kira manyanki da nasa a zauna, ba zan ce ki zauna da wanda zai sake yi ba. Amma ba za ki san ko wanne ne a cikinsu ba sai kin faɗa masa.

Allah Ya ba ki lafiya mai ɗorewa, Ya ba Baffa lafiya, Ya sanyaya miki zuciya. Ina roƙon Allah wannan amsa ta same ki kin riga kin faɗa, tun Juma'a ba ta zo ba.

Gwaggo Barira