Injin da Ka Tayar a Tsakar Gida

Ƙanina,

Bayan gaisuwa, ya jikin Inna? Ya kafaɗar Baba? Ni lafiya lau nake. Yatsan da farfela ta yanka a garejinmu ya warke, sai dai ya ƙi lanƙwasuwa. Kada ka gaya wa Inna.

To, saura ni da kai. Kawu ya rubuto min cewa ka ciro injin kwale-kwalen Baba, ka tayar da shi a tsakar gida babu ko ɗigon ruwa, don abokanka su ji ƙararsa. Kai wane irin mutum ne? Sau nawa na ce maka robar da ke jan ruwa ƙonewa take in ta juya a bushe? Kafin in taho, ni na kama hannunka na nuna maka: a tsoma ƙafar injin a duro cike da ruwa, a tabbata yana feso ruwa ta baya, a goge fulogi, a duba man giya. Ka ce, "Na ji, Yaya." Ashe ta bayan kunne ya bi!

Yanzu robar ta ƙone, tsoho da furfurarsa ya koma tuƙi da filafili, kai kuma kana yawo da wankakkiyar riga.

Na ba mai kawo wasiƙar nan sabuwar roba. Ka kai wa makanike, kada ka sa hannu. Kafin a gyara, kai za ka riƙa tuƙa Baba zuwa kamun kifi kullum. Roba ana samunta a kowane shago, amma ban ga inda ake sayar da kafaɗa ba.

Allah ya shirye ka.

Yayanka