Baba, An Gyara Masaukinka Ba da Hannuna Ba

Zuwa ga mahaifina, Malam Idi Mai Masauki.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta ladabi irin ta ɗa ga mahaifinsa, ina fatan kana cikin rahamar Ubangiji. Ni ne Sani, babban ɗanka. Na rubuto ne in shaida maka an gyara masaukinka na Kwanar Dangora, kuma ba ni na gyara shi ba.

Aminu ne ya gyara. Autanka, wanda ka rasu ka bari yana firamare, wanda bai taɓa share ɗaki ɗaya a gidan nan ba. Ya dawo daga Kano da magina da motar siminti, kafin kaka ta shigo sun gama.

Kai ka san yadda ka kafa shi, ɗaki huɗu na ƙasa a bakin titi saboda direbobin manyan motoci. Ka sha ba ni labarin lokacin da ruwan Tiga ya tashi garuruwa, ka cika ɗakunan da mutane da tukwanensu da awakinsu har suka sami matsuguni. Ni kuma na tashi ina jin kana cewa, "Sani, kai wa baƙo ruwa tukuna, ka tambayi sunansa daga baya."

Bayan ka tafi ni na riƙe. Motoci suka daina kwana, kowa sai ya zarce Zariya ko Kano. Duk damina ina kan rufi ina toshe yoyo. Katangar gabas ta faɗi sau biyu, na tayar da ita da hannuna. Shekara ashirin, babu wanda ya tsaya ya ce gidan ya yi kyau, don bai yi ɗin ba. Hana shi faɗuwa kawai na iya.

Yanzu ga sabon kwano, ga tayil, ga sola, ga rijiyar burtsatse. Baba, sau uku na zagaye gidan ina neman tsaga ko ƙofar da ta karkace, in sami abin faɗa. Ban samu ba. Har dakalin da kake zama ya bari yadda yake, ni da na so ya rushe shi in ce bai san darajarka ba.

Wani tsohon direba daga Doguwa, cikin mutanenka na da, ya zo gani. Ya rungume Aminu yana hawaye, wai kai ne ka dawo, kamar an tsaga kara. Ni na kawo masa ruwa. Ya karɓa, ya sha, bai gane ni ba.

Kishi nake yi, Baba. Kishin ƙanena, da furfura a gemuna. Ina jin kunyar abin, amma bai fita ba.

Shekaranjiya da hantsi Aminu ya zo gidana, ya cire takalmi, ya tsuguna yadda muke tsuguna maka. Ya ce ba zai buɗe wa baƙo ƙofa ba sai na sa masa albarka, tunda ni ne a madadinka. Ban sa masa ba. Na ɓige da tambayarsa iyali. Ya daɗe a tsugune kafin ya tashi.

Gidan yana nan a kulle, matafiya suna leƙawa suna wucewa. Ranar Juma'a Aminu zai dawo.

Da kai ne, kafin gwiwarsa ta taɓa ƙasa ka sa masa albarka. Ni ma na so in ji ta daga bakinka a kan gidan nan, ko sau ɗaya, sai ka tafi ba ka ga wahalar da na sha a kansa ba. Ina jin shi ya sa ta yi mini nauyi. Abin da na shekara ashirin ina jira, shi aka zo nema a wurina.

Allah Ya jiƙanka, Baba, Ya yalwata kabarinka, Ya kai maka ladan duk baƙon da ya taɓa kwana a gidan nan. Ni kuma Allah Ya wanke mini zuciya kafin Juma'a, kada yaron nan ya sake tsugunawa a gabana ya tashi haka nan.

Ɗanka mai kewarka,
Sani