Faifai Irin Naki a Kasuwar Wudil

Zuwa ga Innata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa irin ta ɗa ga mahaifiya, ina fatan Allah Ya sa kina cikin ni'ima a makwancinki.

Inna, ranar Juma'a da safe na kai tumatir kasuwa. Ban ko sauke kwando ba idona ya faɗa kan wata tsohuwa da ta baza fayafai a gindin darbejiya. Ja da kore ne kamar na kowa, amma a gefe, inda ake rufe baki, akwai baƙar kaba guda ɗaya da aka bari ba ta zagayo ba. Irin naki sak.

Kin tuna ina ƙarami na ce miki kin yi kuskure? Kika ja min kunne kina dariya, kika ce, "Haka matan gidanmu ke yi, kai dai riƙe min kabar nan."

Kin sha gaya mana asalinmu ba bakin kogin nan ba ne. Lokacin shigowar Turawa garin kakanninki ya watse, kakarki Dije ta biyo ayarin da ya yo nan, ƙanwarta Hajjo ta bi wani. Ba su sake ganin juna ba. Duk bikin da kika je, sai kin juya faifan da aka rufo tuwo da shi kin duba gefensa. Mu har kunya muke ji. Ashe dangi kike nema.

Na durƙusa na gaida tsohuwar. Ban yi gaggawa ba. Sai da muka gama zancen damina da ciwon gwiwarta, sannan na tambayi wanda ya koya mata wannan ɗinkin. Ta ce kakarta. Na bari ta faɗi sunan da kanta. Hajjo. Wai har ta bar duniya tana cigiyar yayarta Dije.

Gidansu yana Darki. Darki fa, Inna, inda muke zuwa sayen iri!

Da na gaya mata ni tattaɓa kunnen Dije ne, ta daɗe tana kallon goshina kamar mai neman kamannin dangi, sannan ta ɗora min faifan a hannu, ta ce in kawo mata jikokinki. Ranar Asabar za mu je, har da mai sunanki.

Allah Ya jiƙanki, Ya haɗa ki da Dije da Hajjo a Aljanna, tunda a nan bai ƙaddara ba.

Kada a ce kewa ce ta sa na ƙara gishiri: Malam Audu mai kifi yana wurin, ya ji da kunnensa. Ƙaninki Kawu Sale ma yana tsaye. Shi kam hularsa ya cire ya rufe fuska.

Ɗanki,
Habu