Kwalbar Maganin Auta

Zuwa ga maigidana, Baban Auta,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana cikin ƙoshin lafiya. Ya aiki, ya zaman kaɗaici? Ina fata kana cin abinci a kan lokaci, ba shayi da burodi kawai ba, kamar yadda ka saba in ba na kusa. Mu nan da sauƙi, sai kewarka.

Na ɗauki biro ne saboda a waya ba ka barina in kai aya. Ranar da aka sallamo Auta bayan aikin da aka yi mata a ƙafa, likitan yara ya zaunar da ni ya ba ni 'yar kwalbar maganin ciwo mai ƙarfi, na 'yan kwanaki kawai, da sirinjin awo. Ya duba nauyinta, ya nuna mini layin da ba zan wuce ba, ya ce in kulle kwalbar, abin da ya rage kuma in mayar musu. Da na faɗa maka sunan maganin, sai ka ce in juye shi a masai, ka kashe wayar.

Na san Dogo ka tuna. Ni ma ƙanin nan naka bai taɓa barin raina ba. Har yanzu in na ji babur ya tsaya a ƙofar gida, sai in ga kamar shi ne zai faɗo yana kirana matarmu, ya buɗe tukunya tun bai gama sallama ba. Ka tuna yadda yake ɗora Auta a wuya ya zagaya tsakar gida, tana riƙe da kunnuwansa wai tuƙi take yi? Shi ya gyara mini keken ɗinki, ya gama ya ga ragowar ƙusoshi a hannunsa, ya ce ai kamfanin ne suka sa da yawa. Keken yana aiki har yau. A lokacin gidan nan ba ya rabo da dariya, kuma taka ta fi ta kowa ƙara.

Bayan haɗarin da ya yi a babur, da leda cike da ƙwayoyin ciwo aka sallamo shi daga asibiti, ba wanda ya ce masa ga inda zai tsaya. Mu ma ba mu san mu tambaya ba, har abin ya fi ƙarfinsa. Allah ya jiƙansa.

Ban juye maganin ba, amma ban ba ta ba. Na kulle shi a aljihun keken, ina ba ta farasitamol, ita kuma tana cewa ba ta jin komai. Ka san 'yarka da surutu kamar rediyo, sai ga shi ta yi tsit. Jiya da la'asar na shiga ɗakinta da ruwan wanka, na same ta ta cusa zanen gado a baki tana cizo, gumi ya jiƙa mata riga. Raina ya ɓaci da kaina, da kai ma, ba zan ɓoye maka ba. Na kira likitan, ya ce in ba ta yanzu. Na auna daidai layin na miƙa mata, ta kawar da kai. Ashe ta ji mu ni da kai a waya ranar da ka ce in juye shi. Da ƙyar na lallashe ta ta sha. Ta yi barci mai daɗi, yau har ta taka zuwa bakin ƙofa da sanda.

In fushi za ka yi, da ni za ka yi. Amma ka kira ta da kanka. Kafin ta buɗe baki ta sha, ta tambaye ni ko ita ma za ka cire hotonta daga falo, kamar yadda ka cire na Baffanta Dogo. Na ce mata a'a, ba ta yarda ba. Daga bakinka take son ji.

Ka gaida abokan aikinka. Allah ya dawo mana da kai lafiya.

Taka har kullum,
Maman Auta