Asabar a Gandun Bayan Gari

Zuwa ga Yayata,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Yaya ƙafar taki, yaya maigidan da yara? Allah ya ƙara sauƙi.

Kin tambayi labarin 'yata, mai sunan Innarmu. Tun da muka rabu da uwarta, Asabar ce kaɗai ranata da ita. Kin san ɗakina na bayan gareji, ko'ina warin baƙin mai, ba wurin zaman yarinya ba ne. Shi ya sa nake kai ta gandun dajin nan na bayan gari. Akwai tafki, akwai kwalekwale na haya, akwai kangon wani tsohon gidan famfo da ya shayar da garin nan tun zamanin kakanni. Injin ya yi tsatsa, kuka ta fasa bango ta fito. Ni nake nuna mata yadda yake aiki a da, ita kuma ta karanta mini allon tarihinsa, har da gyara mini zama wai malama ce. Na ce to, malamar da ba ta iya ɗaure takalminta ba.

Sauran kwanakin, ni da rediyo ne.

Ƙaninki,
Auta

Yaya,

Ina gaisuwa, ina kuma tambayar lafiyar gida. Saƙonki ya iso.

Gaskiya ne abin da kika ji. An yi wa mijin uwarta canjin wurin aiki, za su tafi nesa da ita. Kin ce in karɓe ta in kawo miki, tunda haƙƙina ne. Na yi niyya, wallahi. Ranar Asabar muna tsakiyar tafki ina tuƙi, na buɗe baki zan gaya mata, sai ta riga ni. Ta hau ba ni labarin ƙaninta na goye, yadda ba ya barci sai a bayanta, da sabon haƙorinsa. Fuskarta duk ta haske. Na mayar da maganata ciki, muka yi ta kallon agwagin ruwa har mai kwalekwale ya yafuto mu.

Kada ki yi fushi da ni, Yaya. Ba zan iya ba.

Naki,
Auta

Yayata,

Barka da war haka. Allah ya sa kuna lafiya kamar yadda nake.

Sun tafi tun kafin damina. Ban daina zuwa gandun ba, don ban san inda zan kai Asabar ɗina ba. Ciyawa ta rufe hanyar gidan famfo, sai da na riƙa buɗawa da sanda.

Makon jiya ina bakin tafki ta kira ni a wayar uwarta. Ta ce can babu tafki, in ɗaga wayar ta ji kukan tsuntsaye. Na miƙe, na ɗaga hannu sama kamar mai neman sabis, masu gudun motsa jiki suna wucewa suna kallona. Ban damu ba. Na bar ta ta ji kurciya, ta ji iska a cikin ganye, ta ji har ta ƙoshi.

Da hannuna ya gaji na mayar da wayar kunne, sai na tarar ta daɗe da katsewa. Uwarta ta turo saƙo cewa ƙawayenta ne suka zo, ta fita wasa.

Ta yi ƙawaye ke nan, Yaya. Ki taya ni murna.

Ki gaida kowa da kowa.

Ƙaninki,
Auta