Fumfunar da ta ci bangon sabon gidanmu a Safa

Assalamu alaikum admin, da duk mai karantawa. Don Allah a sakaya sunana, kuma wanda zai zage ni ya yi haƙuri sai ya kai ƙarshe. Ni ma na so in zagi kaina, na duba na ga ko ƙarfin yin hakan ba ni da shi.

Ni Bakatsiniya ce, aure ya kawo ni Jidda. Maigidana Bahaushe ne amma haihuwar nan, ɗan ƙasa ne, Hausarsa ma rabi Larabci ce. Iƙamata, wato takardar izinin zama, a ƙarƙashinsa take, yaranmu biyu kuma 'yan ƙasa ne kamar ubansu. Da a Waziriyya muke zaune cikin 'yan uwa, inda kana buɗe ƙofa za ka san wace miya maƙwabciya ta ɗora. Shi kuwa tun yana yaro unguwar ta ishe shi. Bara Allah ya nufa ya gina ɗan gida a Safa, a filin da mahaifinsa ya bari. Ranar da muka tare ya tsaya a falo ya ce min, "Isma'i, ki saurara, nan ba Waziriyya ba ce. Ba saye da sayarwa, ba tara mata, ba warin da zai sa maƙwabta su ce takaru 'yan Afirka sun tare. Halas, magana ta ƙare?" Na ce halas.

Wanda ya yi mana ginin zan kira shi Malam Idi. Mutumin Damagaram ne, umara ta kawo shi ya zauna, ba shi da iƙama, kowa ya sani. Ni na kawo shi, don matarsa Ladi ƙawata ce tun a Waziriyya. Ya yi aiki mai kyau, har maigidan yana kai abokansa suna shafa bango.

Maigidan a Yanbu yake aiki, sai ƙarshen mako yake dawowa. Yara su tafi makaranta, ni kuma in zauna da mukayyif yana hura min sanyi. Safa unguwa ce mai tsabta, motoci a jere, ba wanda zai ƙwanƙwasa maka ƙofa ko da kuskure. Wata rana wata 'yar umara ta kawo min tsarabar kalwa daga gida. Na daɗe ina kallonta a leda, sai kawai na ɗora tukunya. Ba don kuɗi ba, wallahi ba abin da na rasa. Daddawa ce sana'ar mahaifiyata, kuma hannuna ne ya nemi abin yi.

Wadda ta san daddawa ta san ba a ɓoye ta. A dafa kalwa ta wuni tana tafasa, a wanke, a sake dafawa, a rufe ta a wuri mai ɗumi har ta nuna, sannan a shanya. A gida rana ce ke ƙarasa aikin. A nan in na hau da ita saman bene, duk layin zai ji. Sai na mayar da ɗan ɗakin da ke jikin kicin wurin aikina. Na kashe mukayyif ɗinsa, na rufe taga, na cusa tsohon zanena a ramin fankar da ke fitar da iska, don kada warin ya fita waje. A ciki nake dafawa, a ciki nake rufewa, a ciki nake shanyawa. Tururi ya hau bango ya riƙa gangarowa kamar gumi, ga laimar Jidda da kuka sani. Kafin maigidan ya dawo in kwashe komai in aika wa Ladi ta raba wa mata, in wanke ɗakin, in turara shi har ido ya yi yaji. Zanen ne kawai nake bari, don ramin yana sama, ba wanda ke ɗaga kai. Haka na yi ta yi wata da watanni.

Fumfunar a kusurwa ta fara, ɗigo-ɗigo baƙi. Na goge, ta dawo. Na goge da ruwan bilic, ta dawo da danginta. Fenti ya kumbura ya fara ɓarewa. Abin da ban lissafa ba, bayan wannan bangon durowar kayan maigidan take. Wata Juma'a ya buɗe zai ɗauki farar riga, ya tarar duk sun yi tabo, har da alkyabbar mahaifinsa da yake ajiye da ita a leda. Bai yi ihu ba da farko. Ya zauna a bakin gado riƙe da ita, ni kuma ina tsaye ina kallonsa.

Ya kira Malam Idi. A gabana aka yi. "Ya mu'allim, wannan shi ne aikin? Bututu ka binne yana yoyo, ko yashin teku ka zuba min? Haram alaik!" Malam Idi ya shiga ɗan ɗakin, ya dafa bango, ya tsaya. Na ga hancinsa ya motsa. Mutumin da kullum da daddawata ake yi masa miya, turaren wuta zai ruɗe shi? Maigidan ya koma ɗauko alkyabbar don ya nuna masa, shi kuwa ya taka kujera, ya zaro zanen daga ramin, ya cusa a jakar kayan aikinsa. Bai dube ni ba. A hankali ya ce, "Hajiya, a riƙa barin ɗakin nan yana shan iska." Da maigidan ya dawo sai ya ce, "Alhaji, ka yi haƙuri, zan kankare in sake."

Ya kankare, ya sake filasta, ya sake fenti. Ga inda nake jin kunyar rubutawa: da aka kwana biyu na sake ɗora tukunya. Me ya sa? Na ce sau ɗaya ne, kalwar da ta rage ce kada ta lalace. Ban toshe ramin ba, amma tagar a rufe take. Fumfunar ta dawo ta inda ta tsaya.

Wannan karon maigidan ya sa Malam Idi ya fasa bangon. Aka fasa, bututu lafiya lau, busasshe. Maimakon ya huce sai ya ƙara hawa, ya ce to siminti ne aka ha'ince shi a kai, ya kira shi ɓarawo a bakin ƙofa, maƙwabcinmu Balarabe yana leƙowa. Malam Idi ya ce, "Alhaji, ban taɓa cin amanar gini ba," ya ɗauki jakarsa ya tafi. Tun daga ranar bai ƙara ɗaga wayar maigidan ba. Ladi ta kira ni sau ɗaya. Ta ce, "'Yar uwa, Malam ya hana ni magana, ya ce aurenki ne. Ni dai na ce bari in ji muryarki." Na ce mata yara suna kirana. Yara suna makaranta.

Na san abin da ya dace, ba sai an ja min aya ba. Sau da yawa ina buɗe baki in zai ci abinci, sai in ji kaina ina tambayarsa ko a ƙaro miya. In na faɗa, ba fumfunar ce za ta ƙona shi ba. Zai tuna ya tsaya a titi ya kira bawan Allah ɓarawo a kan abin da matarsa ta yi, kuma da warin da ya gudu daga gare shi. Na san halinsa, ba ya haɗiye kunya. In ya sake ni, iƙamata ta tafi, jirgi zan hau, yara kuma a nan za su zauna. Ina rubuta wannan ko hawaye babu. Ina dafa abinci, ina kai yara, ina sallah, kamar wata ce ke yi ina kallonta.

Ɗazu ya kira daga Yanbu. Ya ce ya gama magana da wani abokinsa ɗan sanda, mutum ba iƙama yana karɓar kwangila, kai rahoto kawai ake buƙata a ɗauke shi zuwa tarhil, a mayar da shi ƙasarsu. Abu ɗaya ya rage, su Malam Idi sun sake gida a Waziriyya bayan an gama ginin, shi bai san wurin ba. Ya ce, "Ke kin san gidan ƙawarki. Yalla, turo min kwatancen kafin in iso gobe."

Na ce to.

Wayar tana hannuna. Malam Idi yana da 'ya'ya uku, ƙaramar ko yaye ta ba a yi ba. Jama'a, me zan yi?